Wayoyi Biyu da Motar Raguna

Ku da kuke tare ni a bakin shago kuna cewa, "Baba Sabi'u, ai aikin nan naku ba wuya, a soka waya, fitila ta yi kore, a karkaɗe riga," to ku gyara zama. Ni ma haka na ɗauka lokacin da nake da suma. Yanzu ku dubi kan nan. In na cire hula a bakin bodar Jibiya da tsakar rana, direbobin da ke can ɓangaren Nijar sai sun kare ido da hannu. Kowane silin gashi da ya bar ni, na san suwic ɗin da ya cinye shi.

Suwic, ga wanda bai sani ba, akwatin ƙarfe ne mai ramuka a jere. Kowace kwamfuta, kowace kyamara, kowace firinta tana da wayarta a rami guda, shi kuwa yana karɓar saƙo daga wannan ya miƙa wa wancan. Ba ya magana, ba ya cizo. Amma na ga ya tsayar da manyan motoci a layi har iyakar ganin ido.

Aikin farko da aka ba ni a hannun maigidana, Injiniya Lawandi, a Katsina, matse kan waya ne. Silalla takwas ne a cikin kowace waya, kowane da launinsa da gurbinsa. Ka jera su, ka datse su daidai, ka zura a kan roba, ka matse da filaya, sai a sa a na'urar gwaji mai fitilu takwas. In ɗaya ta ƙi kamawa, Lawandi ba ya faɗa. Almakashi yake ɗauka ya guntule kan, ya ajiye maka a tafin hannu, ya ci gaba da shan shayinsa. Wata shida ina wannan. Kawunan da ya guntule mini, da an tara su da sun cike rijiya biyu. Sai bayan nan ya damƙa mini shuɗiyar igiya, wadda ake sokawa a jikin suwic a shiga cikinsa kai tsaye ta laftof. Ya ce, "Ranar da komai ya mutu, ita kaɗai ce ƙofa. Ka ɓatar da takalminka, kada ka ɓatar da ita."

A wani otal na fara ganin abin da muke kira bilan. Manaja ya kira mu hankali a tashe, wai baƙin da ke hawa wayifai suna ganin firintar ofishinsa, har wani ya buga hoton motarsa kwafi talatin. Lawandi ya ce, "Gidan ɗaya ne, katanga za mu ja a ciki." Bilan ke nan: suwic guda, amma ka raba shi sassa kamar gidan gandu, kowane sashe da lambarsa, na goma ba ya jin hirar na ashirin. In kuma suwic biyu ne a gine-gine biyu, wayar da ta haɗa su ita ke ɗaukar kayan dukkan sassan, kowane saƙo da lambarsa a goshi, kamar buhunan mutane daban-daban a mota ɗaya. Sashen da ba ka rubuta sunansa a kan wayar ba, kayansa ba sa hawa.

Waya ɗaya kuwa ba abin dogaro ba ce. Ɓera na nan, mai haƙa kwata na nan. Shi ya sa ake jan biyu, kuma a nan ne ku 'yan kallon bidiyo kuke faɗawa rami. In ka soka ta biyun haka kawai, saƙo zai tafi ta wannan ya dawo ta waccan, ya sake tafiya, yana haihuwa a hanya har ya toshe ko'ina. Maganinsa, ka gaya wa suwic ɗin nan cewa wayoyin biyu dami ɗaya ne, ka taka ka je ka gaya wa wancan ma. Duka biyun. Ɗauri a gefe ɗaya bai tsirar da kai ba, don abin da ka aika zai riƙa dawo maka ta ɗayar wayar, suwic ya ruɗe, ya rasa wa ke gabansa wa ke can nesa. In damin ya ɗauru daidai, kaya na rabuwa biyu, in ɗaya ta tsinke ɗayar ta ɗauke nauyin, mai buga takarda bai ma san an yi ba. Suwic na kirki gaisawa suke yi kafin su yarda da dami, kuma jifa-jifa suna sake tambayar juna, "Muna nan dai?" In ɗaya ya yi shiru, ɗayan ya janye hannu. Akwai kuma ɗaurin dole, wanda ba gaisuwa ba tambaya.

Shekarar da aka rufe boda na san cewa sana'ar nan a kan tayar tirela take tafiya. Titin da ko kaza ba ta iya tsallakawa, awaki suka mayar da shi wurin ƙailula. Ofisoshin masu fiton kaya suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Suwic ɗin da na dasa da hannuna aka kwance su aka cusa a kwali, gizo-gizo ya yi aure a cikinsu har ya aurar da jikoki. Na koma ɗaura dish a Gangara da Mazanya, ina hawa rufin kwano da wannan tumbin, mutane na fitowa kallo kamar an ga watan salla. Da aka buɗe, duk wanda ya kira ni, kafin ya gama sallama na iso ƙofarsa.

Wanda ya kira ni shi ne Alhaji Mamman, mai wani babban fili a bakin boda inda motocin kaya ke shiga a auna su a buga musu takardar fita. Ofis a wannan kusurwa, ɗakin sikeli a waccan kusa da ƙofar fita, tsakaninsu kamar taki ɗari. Sikelin faffaɗan ƙarfe ne da mota ke hawa gaba ɗayanta. Alhaji ya gaji da rigimar an ƙara an rage, ya ce nauyi ya riƙa tafiya kai tsaye daga sikeli zuwa kwamfutar ofis, ba hannun mutum a tsakani. Takardar na fita da lamba, jami'an ƙofa na duba lambar a tasu na'urar. Rubutun biro ba ya fitar da mota.

Na ja wayoyi biyu, kowace da bututunta, na naɗa musu jan tef. Takardu sashe na goma, kyamarori na ashirin, sikeli na talatin. Suwic ɗin ofis sabo ne. Na ɗakin sikeli kuwa irin na kwalin nan ne, tsoho mai taurin kai da bai iya gaisuwa ba, don haka na yi ɗaurin dole.

To, suwic ƙwaƙwalwa biyu gare shi: ta yanzu, wadda ke gogewa in wuta ta yanke, da ta ajiya. Duk abin da ka rubuta sai ka ce masa ya adana. Layi ɗaya ne tak. Da safe na adana ɗan abin da na fara. Da rana na ƙara sashen sikeli, na ɗaure damin, na adana a suwic ɗin ofis, na dawo kan na ɗakin sikeli, komai ya yi kore, yatsana na kan hanyar rubuta layin nan, sai ga Alhaji da baƙi uku daga Maraɗi. Ba a gaida manya ido na kan allo. Na miƙe. Aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka tambayi zafi, aka tambayi jikokin da ban ma samu ba, daga nan aka ja hannuna zuwa tiren shinkafa da kaji. Na rufe laftof, na zare shuɗiyar igiya.

Da na ƙoshi sai na ƙara kuskure na biyu. Akwai Baba Ilu, tsohon soja, shugaban masu gadin filin, mutumin da in ka ce ya tsaya nan, bayan shekara za ka tarar ciyawa ta tsiro a kan takalminsa. Na kira shi gaban akwatin da suwic ke ciki na nuna masa wayoyin masu jan tef.

"Baba, ka ga waɗannan? Duk wanda ya zare ɗaya, boda za ta tsaya cak har Maraɗi, jirgin sama ma sai ya sauko. Ko muryata ka ji a waya ana cewa ka taɓa, kada ka yarda, aljani ne."

Kowa ya yi dariya. Baba Ilu bai yi ba. Na datse akwatin sikeli da na ofis da kwaɗo, na jefa makullan a aljihu.

Ɗakin sikeli na da batiri, wuta ba ta taɓa yanke wa suwic ɗin ba. Wata takwas kuskurena na barci a ciki, ni kuwa ina yawo gari ina ba da labarin aikin da ko girgizar ƙasa ba za ta motsa ba.

Ranar wata Talata, saura mako biyu babbar salla, ruwa bai sauka ba, zafin nan da ke sa ƙadangare neman inuwa. Ina gidan suna a Bugaje da hantsi, sai ga wayar Baba Ilu.

"Injiniya, komi ya tsaya. Sikeli ba ya magana da ofis, takarda ba ta fita, kyamarori sun daskare."

"Me ya faru kafin nan, Baba?"

"An ɗauke wuta. Batirin ya yi kuka ya mutu. Muka tada janareta."

"Leƙa akwatin ta gilashi. Yaya fitilun suke?"

"Suna ta ƙifta ido kamar masu zazzaɓi."

Na ajiye wainar da ke hannuna. Suwic ya mutu ya farfaɗo da tsohuwar ƙwaƙwalwa. Na ofis na riƙe da dami, na sikeli ya manta an taɓa ɗaure shi.

"Baba, nemi guduma ka fasa kwaɗon. Ka zare ɗaya daga masu jan tef, ko wacce."

Na ji hayaniyar direbobi a bayansa.

"Baba?"

"A'a."

"Ni ne fa, Sabi'u."

"Haka aka ce za a ce."

"Wasa nake yi ran nan, wallahi wasa ne."

"Ran nan kake wasa ko yau? Gaba da gaba aka ba ni umarni, gaba da gaba za a janye shi."

Na ce a kira Alhaji. Alhaji na hanyar Kano, wayarsa ba ta shiga. Sai na ji an karɓi wayar, wata murya mai sanyi ta dattijo ta shigo da Hausar Nijar, masu ce wa Malam Mushe, babbar mota kuma kamiyo.

"Mushe Injiniya, sunana Elhaji Hamidu, daga Maraɗi. Kamiyon da ke bisa sikeli nawa ne. Raguna ne, hawa biyu, sun hi ɗari. Muna hawa abin ya tsaya. Gaba ƙohwa a ruhe, baya motoci sun toshe. Ƙarhen nan ya hwara zahi, na ƙasa sun buɗe baki suna numfashi. Yaushe kake isowa?"

Dabba a mota iskar tafiya ce ke riƙe da ranta. In motar ta tsaya a rana, a cunkushe, a kan ƙarfe, awa biyu sun isa su fara mutuwa. Sauke su kuwa ba ya yiwuwa, tudun saukewa na waje, kayan da ba su da takarda ba sa fita. Na ce masa ga ni nan.

Na hau babur ban yi wa mai suna sallama ba. Sai da na biya shago a cikin gari na ɗauko jakar laftof da shuɗiyar igiya, don in ba su, zuwana da rashinsa ɗaya. A kowane shinge na hanya an saba in tsaya in ba da labari har a manta da abin da aka tsayar da ni a kai. Ran nan wani ya leƙo fuskata ya ce, "Injiniya, lafiya? Yau ba ƙarya?" Na ce raguna ke mutuwa. Ya ɗaga igiya.

Na isa rana ta kusa tsaka. Layin motoci ya fito daga filin ya bi titi. Direbobi sun yi sahu daga famfo zuwa sikeli suna miƙa jarkoki, ana watsa ruwa ta tsakanin katakon motar, ruwan na sauka a ƙarfe yana tururi. Ragunan ba sa kuka. Wannan ya fi komai tayar da hankali, mota cike da raguna kuma shiru. A ƙarƙashin motar, cikin 'yar inuwa, na ga guda kwance an riga an yanka shi. Wani dogon dattijo mai farin rawani na tsaye a kan tsanin motar, hannun rigarsa a naɗe, wuƙa a ƙugu. Ba sai an gaya mini wane ne ba. In dabba ta kama hanyar mutuwa, gara a riga ta da wuƙa, kada ta zama mushe.

Baba Ilu na tsaye a ƙofar ɗakin sikeli da sandarsa. Ashe har wasu direbobi sun zo da guduma ya kore su. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba. Na janye."

Ya matsa gefe.

Na buɗe kwaɗon. Na kama waya ɗaya mai jan tef na zare. Fitilun suka lafa, kowace ta koma ƙiftawa da nata lokacin. Daga can ofis mai buga takardu ya leƙo taga ya ɗaga hannu, kwamfuta ta dawo, kyamarori sun motsa.

Baba Ilu ya dubi wayar da ke lilo a hannuna, ya dubi sama, ko jirgi zai sauko. 

"Nauyi fa?" na tambaya da ƙarfi.

Mai buga takardu ya girgiza kai. Gurbin nauyi babu komai.

Sashe na talatin. Shi ma da rana na rubuta shi, shi ma ya tafi da wutar. A wajen tsohon suwic ɗin nan ba a taɓa haihuwar wani sashe mai suna sikeli ba. Na zauna a ƙasa, na soka shuɗiyar igiya, na buɗe laftof a kan gwiwa. Ɗakin kwano ne sama da ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓata a kan madannai, ina sharewa da hula. Na rubuta kalmar sirri, ya ce ba ita ba. Na sake, ya ce ba ita ba. Sai na tuna ita ma da rana na canja ta. Na rubuta tsohuwar, ya buɗe.

Ta taga na ji wani ya ce, "Elhaji, ga wani nan ya kwanta." Na ji takun dattijon a kan katako. Na ji bismilla.

Abu uku ne. Na ƙirƙiri sashe na talatin. Na bi wayar sikeli da yatsa har raminta, na biyar, na sa ramin a cikin sashen. Na koma kan wayar da ta rage mai zuwa ofis, na ƙara talatin a cikin masu izinin hawa, ina karanta layin sau biyu kafin in danna, don in na goge na goma a garin gaggawa, takardar ma ta tafi. Damin ban taɓa shi ba. Ba a ɗaure dami ana cikin gobara, waya ɗaya ta isa ta fitar da mota. Na aika ƙwanƙwasa zuwa kwamfutar ofis. Na farko shiru. Na biyu shiru. Na uku ta amsa.

"Ya shigo," in ji mai buga takardu daga can.

Kafin in numfasa na rubuta layin adanawa. Na sake rubutawa. Na rubuta na uku, har suwic ɗin ya fara jin haushina.

Baba Ilu ne ya ɗauko takardar. Shekara nawa ina ganinsa ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ran nan na ga tsoho na gudu, sanda a hammata, takarda a sama kamar tuta. Jami'in ƙofa ya duba lamba, ya ɗaga ƙarfe. Direba ya tada mota.

Elhaji Hamidu ya ce a dakata masa minti ɗaya. Ya sauko, ya wanke hannu da ragowar ruwan jarka, ya tako har ƙofar ɗakin sikeli. Raguna biyu na kwance a ƙasa, manya, irin waɗanda ake kiwo shekara guda don kasuwar salla.

"Mi ya ɓaci?" ya tambaya.

Baba Ilu ya ce, "Batiri ne, Elhaji. Tsufa ya yi."

Hanya ce a buɗe. Batiri ba ya musu, kuma ba wanda ke wurin da ya san bambancin ƙwaƙwalwar yanzu da ta ajiya. Amma tsohon nan ya sha zagin direbobi tun hantsi saboda maganata.

Na ce, "Ba batiri ba ne, ranka ya daɗe. Batiri na mutuwa ko'ina, aiki ya tashi da kansa. Akwai layi ɗaya da ban rubuta ba wata takwas da suka wuce. Wanda kuma ya hana a fasa akwatin da wuri, ni ne, da bakin nan."

Dattijon ya dube ni. Sai ya juya ya yi wa direbansa magana a hankali. Direban ya durƙusa da wuƙa, ya cire cinya guda daga ragon na biyu, ya sa a buhu, ya je ya ɗaure ta a bayan babur ɗina. Sauran naman Elhaji ya ce a raba wa masu ɗebo ruwa.

Na ce, "Elhaji, ni ban cancanci wannan ba."

Ya ce, "Kai ka yanka shi, Mushe. Ni wuƙa kawai na riƙe. Mai yanka ba ya tahiya hannu wohi."

Ya hau gaban mota. Da ta sauka daga sikeli ta kama titi, iska ta shiga, sai muka ji rago ɗaya ya yi kuka, wani ya amsa masa daga hawan sama.

Damin sai ranar Juma'a na koma na ɗaure shi, lokacin da fili ya yi sauƙi, da sabon suwic mai gaisuwa, kuma na bar wa Baba Ilu makulli ɗaya. Ran Talatar kuwa gida na wuce da buhun a baya yana bugun ƙugu na duk hanya. Matata ta ga cinya ta yi murna, ta ce wane mai albarka ne ya tuna da mu, ta ɗora tukunya. Da la'asar ƙamshin farfesu ya kai har gidan maƙwabci na bakwai. Ta kawo mini kwano cike. Ni da nake iya cinye rago ni kaɗai in tambayi inda uwarsa take, na ce mata azumi nake.

Ta ce, "Ran Talata?"

Na ce e. Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta ɗauke shi ta kai wa maƙwabta.